Agogon da ke Ƙirjin Baba

Baba mai gyaran agogo ne. Shagonsa bai fi taku huɗu ba, tsakanin shagon tela da na mai sayar da fenti. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, kujeru biyu. A bango akwai agoguna goma sha ɗaya, amma ɗaya ne kawai ake yarda da maganarsa: wani babba mai akwatin katako da muke kira Tsoho. Da shi Baba yake auna sauran. Tun da na gama sakandare nake zama a kujera ta biyu, ina canja batir da maɗauri. Aikin gaske nasa ne.

Aikin gaske shi ne saiti. Idan aka kawo agogon da ake wanawa, yana gudu ko yana jan ƙafa, Baba ba ya gaggawa. Zai ɗaura masa 'yar takarda da zare. Kowace safiya ya gwada shi da Tsoho ya rubuta: ya yi gaba da sakan arba'in, ya yi gaba da ashirin da biyar. A cikin agogon akwai wani ɗan ƙarfe siriri kamar gashin ido. Shi Baba yake turawa da bakin hantsaki, kaɗan, yadda ni ko motsinsa ba na gani. Ya rufe, ya jira gobe. Wani agogon sai ya kwana goma a haka. In mai shi ya yi ƙorafi, Baba ya ce ya ɗauka ya kai wa masu sauri, suna nan birjik a bakin titi.

Yana da wani faranti na roba mai murfi, mai gida ashirin da huɗu. Nan yake zuba ƙananan noti da kusoshi, kowanne da gidansa, bisa girma da launi. Duk abin da ya shigo shagon a kwali, Baba zai fitar da shi ya ba shi gida, ya miƙo mini kwalin in jefar. Ya ce kwali cin wuri ne, kuma mai ido ba ya buƙatar rubutu. Gida in ya yi rabi, sai a cika shi. Bai taɓa bari wani ya ƙare ba.

Ciwon kai ne ya kai shi asibiti, bayan Umma ta yi wata guda tana mita. Aka ce hawan jini. Wannan bai dame shi ba, rabin sa'anninsa suna da shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne maganar nas ɗin da ta riƙe hannunsa ta ce zuciyarsa tana buga casa'in da shida a minti ɗaya, ta yi sauri. Ya dawo shago yana maimaita lambar kamar an zage shi.

Tela ya leƙo da tef a wuya. Abokin Baba ne na shekara talatin, kuma bai taɓa gaishe shi ba tare da tsokana ba. Da ya ji labari ya ce ashe mai saita wa mutane lokaci nasa agogon gudu yake, Allah ya tona asiri. Baba bai yi dariya ba.

An fara ba shi wata farar ƙwaya ƙarama ta safe. Bayan wata guda jinin bai sauka yadda ake so ba, aka ƙara masa wata doguwa, rawaya, ta yamma. Likitan ya ja masa kunne: duka biyun suna rage gudun zuciya, kada ya ƙara, kada ya daina kwatsam, kuma ya riƙa zuwa duk wata. Baba ya je sau biyu. Ya kwashe noti daga gida biyu na farantinsa, ya goge da auduga, ya ɓare ƙwayoyin daga ledarsu ya zuba. Fara a hagu, rawaya a dama. Ni na jefar da kwalayen.

Daga nan ya yi wa kansa takarda.

Irin ta agogo ce, da zarenta, ya ɗaura a maɓallin aljihunsa. Kowace safiya kafin ya taɓa aikin kowa, sai ya zauna ya fuskanci Tsoho, ya sa yatsu biyu a wuyan hannunsa, leɓensa yana motsi. Casa'in. Tamanin da huɗu. Saba'in da takwas. Da ya kai saba'in da huɗu likitan ya ce madalla, a tsaya haka. Baba ya ce masa na gode. A hanyar dawowa ya ce mini saba'in da huɗu ba lamba ba ce. Minti sakan sittin ne. Zuciyar da aka saita da kyau ya kamata ta buga sittin, ɗaya ga kowane sakan, ba ragi ba ƙari. Na ɗauka wasa yake.

Ban san ya fara raba farar ƙwayar ba sai daga baya. Da siririyar reza, a ƙarƙashin gilashinsa na ido ɗaya, yake tsaga ta biyu daidai, ya ƙara rabi a kan guda. A wurinsa tura ɗan ƙarfen nan ne, kaɗan, a jira gobe. Takarda ta ce saba'in. Ta ce sittin da bakwai. Nan ta tsaya.

Saura kuma laifina ne.

Gidan fara ya yi rabi, ya aike ni kemis. Mai kemis ya duba ya ce farar ta ƙare, amma ga wata ruwan hoda, magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Ya ce in gaya wa Baba ya gama ta hannunsa tukun sannan ya fara wannan. Na ce to. Idona yana kan waya, ina jiran saƙon da har yau bai zo ba. Na tarar da Baba yana magana da wani mai agogo, na ajiye ledar a tebur na fita. Da na dawo kwalin yana cikin kwandon shara, ruwan hodar kuma tana gida na uku, tsaf. Na gani. Na wuce na zauna.

Shi a ganinsa sabon launi sabon magani ne, likita ne ya sa a ƙara. Abin da bai yi kama da wani ba, ba gidansu ɗaya ba. Shekara arba'in wannan ƙa'idar ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Kwana huɗu bayan haka, da safe, ya kira ni da wata murya da ban saba ji ba.

"Auta, kawo yatsunka."

Ya ɗora su a wuyan hannunsa, ya nuna mini Tsoho da haɓa. Na saurara. Tsoho ya ce tik, jijiyar ta taɓa yatsana. Tik, ta taɓa. Ba ta riga shi ba, ba ta makara ba. Allurar sakan ta zagaya fuskar agogon kaf, ina jiran su rabu, ba su rabu ba. Katako da ƙarfe a bango, nama da jini a hannuna, suna tafiya tare kamar mutum da inuwarsa. Tsigar jikina ta tashi. Na ɗaga kai na ga idon Baba yana ƙyalli, kamar ranar da yayata ta haihu.

Ya sa na kira tela. Tela ya taɓa, ya saurara. Sannan ya ce to ai shi ke nan, sai a sayar da Tsoho a rataye Baba a bango, ya fi sauƙin wanawa. Wannan karon Baba ya yi dariya. Ya rubuta sittin a takardarsa, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Washegari takardar ba ta a maɓalli. Ta koma aljihun ciki.

Na lura da wasu abubuwa, ban haɗa su ba. Ya fara gyangyaɗi a kan tebur da hantsi, gilashin yana ido. Tafiyar gida da muke yi a minti goma ta zama ashirin, yana tsayawa wai yana kallon kaya a shaguna. Umma ta ce ƙafafunsa sun zama ƙanƙara, ga zafin da ake yi. Ruwa ma ba ya sha sosai, ya ce ba ya jin ƙishi. Da ta matsa masa ya koma asibiti, ya ce mata agogon da aka taɓa sai an ba shi kwana goma ya zauna, kada a dame shi. Ta ce shi ba agogo ba ne, mijinta ne. Ya ce duk ɗaya.

Ranar Laraba, wajen sha ɗaya na safe, ina sa batir, na ji hantsaki ya faɗi ƙasa. Baba ba ya yar da hantsaki. Na juya na ga kansa yana sauka a hankali zuwa tebur, kamar mai neman wani ƙaramin noti da ya ɓace. Na tare shi. Rigarsa sharkaf da gumi, jikinsa sanyi ƙalau, leɓensa ya yi toka-toka. Idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba.

Ban san abin da zan yi ba, sai na yi abin da ya koya mini. Yatsu biyu, ido a kan Tsoho. Tik. Tik. Ta taɓa. Tik. Tik. Ta taɓa, a raunane, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa. Talatin da biyu.

Na buga bangon da ke tsakaninmu da tela. Ya shigo da almakashi a hannu, ya duba sau ɗaya, ya fita titi ya tsayar da mota da jikinsa. Muna ɗaukar Baba tela ya ce in ɗauko magungunansa. Na rufe farantin na rungume shi. Noti suna ƙara a ciki duk tsawon hanya.

A asibiti suka kwantar da shi a wani ɗaki mai labule, suka yage rigar, suka manna masa wayoyi a ƙirji. Wata na'ura ta kama aiki a saman kansa, koren layi yana tafiya daga hagu zuwa dama. Likitar mace ce, gajera, da takalman roba, ba ta ɗaga murya. Ta tambaye ni me yake sha. Na buɗe mata farantin.

Nas ɗin da ke gefenta ta fara dariya ta haɗiye. Gida ashirin da ɗaya na noti da kusoshi, uku na ƙwayoyi, har da wasu rabi-rabi da aka yanka kamar da inji. Likitar ta tambayi kwalayen. Na ce babu. Ta tambayi sunayen. Ban sani ba. Na tsaya da farantin a hannu, ni da na yi shekara shida ina haddace sunayen ƙasusuwan kwaɗo.

Sai maganar mai kemis ta dawo mini, kalma bayan kalma, a lokacin da ba ta da sauran amfani sai na shaida. Na faɗa mata. Fara da ruwan hoda abu ɗaya ne. An gaya mini. Ban gaya masa ba.

Likitar ta juya kan aikinta. Ta aiki nas da ƙwaya ɗaya-ɗaya zuwa ɗakin magani a tantance su, ta sa aka yi wa Baba allura, aka rataya ruwa. Ana naɗe yagaggiyar rigar takardar ta faɗo. Ta ɗauka ta karanta. Na leƙa ta kafaɗarta. Bayan sittin mai layi biyu akwai hamsin da bakwai, hamsin da biyu, arba'in da bakwai. A gefen wannan ya rubuta da ƙaramin rubutunsa: na cire rabin. Sai arba'in da huɗu. Arba'in da ɗaya. Talatin da takwas, ta safiyar ranar. Ya mayar da ɗan ƙarfen baya, agogon bai amsa ba, domin akwai wani hannu a kai da bai sani ba. Kuma bai gaya wa kowa ba.

Likitar ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce da marasa lafiyarta duka suna rubutu haka da ta huta, da kuma duka suna yin abin da ya yi da ta bar aikin.

Allurar farko ba ta yi komai ba. Ta biyu ta ɗaga lambar da ke kan na'urar zuwa talatin da shida, ta koma. Aka ƙara wasu abubuwa a cikin ruwan. Umma ta iso da mayafi a karkace, tela ya riƙe ta a waje yana gaya mata ƙaryar da ta dace. Ni likitar ta bari na tsaya kusa da labule, wataƙila don ta ga ba zan motsa ba ko an kore ni.

Yayin da suke haɗa kayan aiki ta yi mini bayani da bayan biro a kan koren layin. Ta ce zuciya tana da ɗakunan sama da na ƙasa. A sama akwai wani ɗan wuri, bai kai ƙwayar wake ba, shi ke ba da umarnin kowane bugu. Umarnin yana bi ta wata 'yar ƙofa a tsakiya ya sauka ƙasa, inda ƙarfin yake. Magungunan Baba duka biyun suna sassauta mai umarnin, suna kuma matse ƙofar. A ƙa'ida alheri ne, zuciya ta huta, jini ya sauka. Amma an ninka ɗaya, ga ɗayan a kai, ga ƙarancin ruwa da ya hana ƙoda fitar da shi. Ya taru a jini ya zama guba. Ƙofar ta rufe. Ta nuna mini wasu ƙananan tudu a layin, suna zuwa a jere, babu abin da ke biyo bayansu. Ta ce wannan saman ne yake kira, ba a jin sa.

Na ce to me ya sa har yanzu take bugawa.

"Ƙasan ya jira bai ji kira ba," in ji ta. "Sai ya fara da kansa. Talatin da biyun nan nasa ne."

Na ce wa ya gaya masa ya fara.

"Ba kowa. Haka yake tun kafin a haifi babanka. Shekara sittin da wani abu yana zaune shiru, bai taɓa buƙatar yi ba sai yau. Amma ba zai daɗe yana iyawa ba, shi ya sa muke sauri."

Na koma kallon layin. Ƙananan tudu, ƙananan tudu, sai wani babba mai faɗi, mara kyan siffa, ya tashi shi kaɗai. Kowane ɗaya daga cikinsu ba wanda ya aiko shi. Sau ɗaya layin ya miƙe. Na ƙirga a raina yadda Tsoho yake ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Hannun nas ya tsaya a iska. Sai babban tudun ya tashi. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi girma ba, kuma a kan gilashin na'urar bai fi tsawon ɗan yatsana ba.

Suka fitar da ni. Aikin ya ɗauki minti arba'in da agogon bangon asibitin, wanda ya makara da minti uku. Suka zura wata siririyar waya ta jijiyar wuyansa har cikin zuciya, ɗaya bakin kuma a jikin wani akwati kamar ƙaramar rediyo, mai abin murɗawa. Da aka bar mu muka shiga, lambar tana kan saba'in, ba ta motsi. Leɓensa ya dawo launinsa. Umma ta kama ƙafarsa ta ce ta yi ɗumi, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Da la'asar ya farka. Ya bi wayar da ido har zuwa akwatin. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya saita shi, kuma da me aka gwada. Nas ta ce likita ce. Ya ce a juyo masa fuskar akwatin ya gani. Tela da ke bakin ƙofa ya ce alhamdu lillahi, mutumin bai mutu ba, kuma bai yi hankali ba.

Likitar ta ce yanzu sai jira. Jiki zai wanke maganin da kansa, kwana biyu ko uku. In ƙofar ta buɗe, a zare waya ya koma gida. In ba ta buɗe ba, sai an dasa masa na'ura a ƙarƙashin fata, ya rayu da batir. Baba ya rufe ido da ya ji kalmar batir. Bai taɓa ɗaukar agogon batir a matsayin agogo ba.

Rana ta biyu Umma ta je gida ta yi wanka, muka rage mu biyu. Na gaya masa maganar mai kemis. Na faɗa ina kallon tayil ɗin ƙasa. Ya juyo ya dube ni.

"Kai ka manta da magana ɗaya," ya ce. "Ni an gaya mini uku, da idona biyu na taka su. Rabin nan kai ka yanka?"

Na ce a'a.

"To ɗauki naka, bar mini nawa. Ba ni ruwa."

Na ba shi. Ya sha duka. Sannan ya sa na maimaita masa bayanin likitar, na sama da ƙasa da ƙofa. Na faɗa. Ya ce in sake. Da na kai wurin da ƙasan ya fara da kansa, ya ɗaga hannu in tsaya. Ya ce shekara arba'in yana buɗe bayan agoguna, na masu kuɗi da na talakawa, bai taɓa ganin wanda in ƙarfen da ake wanawa a cikinsa ya tsinke wani zai tashi daga ƙarƙashi ya karɓi aikin ba. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙirji, a hankali, kamar yana taɓa kayan wani.

Rana ta uku da hantsi likitar ta zo da nas biyu. Ta ce za ta rage akwatin ta ga ko zuciyar za ta karɓa. Ta ce in ya ji jiri ya faɗa. Baba ya ce Auta ya riƙe hannunsa, ya fi yarda da yatsu. Ta yarda. Umma ta tsaya a ƙarshen gado tana motsa baki.

Likitar ta murɗa. Sittin. Jijiyar ta bi akwatin, daidai, kamar soja. Hamsin. Ta bi. Arba'in da biyar. Na ji hannunsa ya fara sanyi, ko nawa ne. Arba'in. Tazarar ta yi faɗi, ina faɗawa cikin kowace ɗaya ina fitowa. Likitar ba ta kallon Baba, layin take kallo, yatsunta a kan abin murɗawa, a shirye ta mayar.

Sai wani bugu ya zo kafin lokacinsa.

Na ɗauka kuskurena ne. Wani ya biyo shi, shi ma da wuri. A kan gilashin ƙaramin tudu ya tashi, siririn dogon layi ya bi bayansa nan take, kamar an kira yaro ya amsa. Wani kuma. Lambar ta ce hamsin da huɗu. Ta ce sittin da ɗaya, ta wuce sittin ko kallonsa ba ta yi ba. Sittin da takwas. Sittin da biyar. Saba'in da biyu. Akwatin yana nan a kan arba'in, ba wanda yake buƙatarsa.

Likitar ta ɗauke hannunta ta sa a aljihu. Ta ce ƙofa ta buɗe.

Baba ya karɓe hannunsa daga nawa ya taɓa da kansa. Ya daɗe. Goshinsa ya tattare. Ya ce akwai matsala, ba ta tafiya daidai. In ya ja numfashi sai ta ƙara sauri, in ya sauke ta rage.

"Haka ake so, Baba," in ji likitar. "Tana sauraron huhunka ne. Tana sauraron ƙafafunka, da cikinka, da fushinka. Ranar da na ga tana buga lamba ɗaya ba canji, ranar hankalina yake tashi."

Ya ja numfashi mai tsawo, yatsunsa a wurin. Ya sauke. Ya sake ja. Umma ta ce a bar shi, ya samu sabon abin wasa.

Bayan kwana biyu aka zare wayar. Aka canja masa magani, iri ɗaya tak, aka ce sauran sai an ga yadda jinin ya yi. Nas ta rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe ta ba ni, ta ce in kwali ya sake shiga kwandon shara za ta zo shagon da kanta. Likitar ta roƙi takardar ta ɗauki hotonta don ɗalibanta. Baba ya ce ta riƙe gaba ɗaya.

Ya yi mako uku kafin ya koma shago. Ranar da ya koma, ya wanke gidaje ukun nan ya mayar musu da notinsu. Kwalin maganin ya samu wuri a kan kantar shagon, ƙarƙashin Tsoho, yana cin wurinsa ba mai ce masa komai. Tela ya leƙo ya tambaya ƙarfe nawa ne a ƙirjinsa. Baba ya ce ya je ya tambayi zuciyar, shi ba shi yake saita ta ba.

Bai yi sabuwar takarda ba. Amma ya ɗauki wata ɗabi'a. Da hantsi, in aiki ya lafa, sai ya ajiye hantsaki ya fita. Ya taka da sauri har shagon ƙarshe na layin, ya juyo, ya shigo yana haki, ya zauna ya fuskanci Tsoho da yatsu biyu a wuyan hannu. Jiya ya miƙo mini hannun. Casa'in da huɗu. Muka zauna muna ƙirgawa. Tamanin da takwas. Tamanin. Ba wanda ya taɓa komai. Saba'in da shida.

Wani mutum ya shigo da agogo a hannu ya fara bayani. Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya ya jira, bai ɗauke ido daga bango ba.

"Ka ji?" ya ce mini a hankali. "Tana sauka da kanta."